Agwagwar da Ke Buga Ƙwallo a Cikin Tanki

'Yata ta fari sikila gare ta. Ba zan faɗi sunanta ba, domin a garinmu can ƙasar Katsina uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane, kaka ce ke yin wannan. To ni aure ya kawo ni Abuja, kaka tana can nesa, amma bakina bai canza ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Lokacin da abin nan ya faru shekararta biyar, muna zaune a Karmo, ɗaki ɗaya a gidan haya, rufin kwano ba silin. In rana ta take sai ka ji kamar an kifa maka tukunya mai zafi a ka.

Wanda bai taɓa ganin ciwon nan ya tashi ba, ba zai gane ni ba. Yaro yana wasa lafiya lau, sai ka ga ya tsaya ya riƙe gwiwa. Kafin ka ajiye abin da ke hannunka ya fara ihu. Babu rauni a fata, babu inda za ka shafa. In ka taɓa shi ihu, in ka bar shi ihu. Na ga wannan a jikin 'yata ba sau ɗaya ba, shi ya sa ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. In ta yi shiru ina leƙa ta. In ta yi dariya da yawa ina cewa ta rage.

Likita ya gaya mana magana ɗaya, ya maimaita har na haddace: ruwa. Ta sha safe da rana da yamma, ko tana jin ƙishi ko ba ta ji. In jikinta ya bushe jinin yake cushewa a hanya, ciwon ya tashi. Ita kuwa kamar an haɗa ta gaba da ruwa. Na lallashe ta, na yi faɗa, na sa sukari, na sayo kofi mai hoton fure. Sai ta datse haƙora ta kawar da kai.

Babanta ne ya samo dabara. Aikin famfo yake yi a ƙarƙashin wani oga, kullum suna saman gidajen masu hali a Gwarinpa da Jabi, su ɗora tanki, su wanke, su gyara bututu. Wata rana ya dawo bayan la'asar ya same mu, ni da kofi a hannu, ita ta juya fuska ga bango. Ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi, bai ko kalle ta ba ya ce:

"Yau na buɗe murfin wani tanki na ga abin mamaki. Amma ba zan faɗa ba, ba wanda zai yarda."

Ta juyo da ido ɗaya.

Ashe, in ji shi, duk baƙaƙen tankunan nan da ke saman gidajen Abuja filayen ƙwallo ne. Da masu gida sun tafi ofis sai dabbobi su shiga su buga gasa, da lemun tsami a matsayin ƙwallo. Akwai ƙadangarun Gwarinpa, masu gyaɗa kai ga duk abin da alƙalin wasa ya faɗa. Akwai jemagun Wuse, da ke buga wasa kai a ƙasa, shi ya sa suke yawan cin gidansu. Kyankyasan Mararraba kuwa ba su taɓa zuwa a kan lokaci ba saboda cunkoson hanya, in sun zo kuma sai sun fi ɗari. Alƙalin wasa hawainiya ce. Ba ta ɗaukar kati, in ka yi laifi ita da kanta take komawa rawaya ko ja. Ga ta da sanyin jiki, kafin ta kai usur baki an ci an sake ci.

Mu 'yan Karmo golanmu kwaɗo ne mai tsoron ruwa, kullum yana sanye da baƙar leda don kada ya jiƙe. Amma tauraruwarmu wata agwagwa ce. Ƙafarta ta yi faɗi, ba takalmin ƙwallon da ke shigarta, sai take buga wasa da silifa, ɗaya shuɗi ɗaya kore. In ta taho da ƙwallo sai ka ji tas, tas, tas.

"To ta ci?" in ji yarinyar.

"Ina fa ta ci! Tankin ba ruwa, sai laka a ƙasa. Silifarta ta maƙale, ƙadangaru suka yi ta zagaye ta."

"Me ya sa ba ruwa?"

"Ai ruwan tankin daga wannan kofin yake zuwa. Abin da kika sha shi ke cika shi. In ya cika, agwagwa iyo take yi, wa zai kama ta?"

Ta dubi kofin da ke hannuna, ta daɗe. Sai ta karɓa ta shanye, har yana zuba a wuyanta.

Tun daga ranar kullum bayan la'asar akwai wasa. Yakan tambaye ni a ɓoye yadda ta sha, sannan ya zauna ya canza murya kamar mai sharhi a rediyo. Ranar da ta sha sosai agwagwa ta yi ta zura ƙwallo, har da kai, har da wutsiya. Ranar da ta sha kaɗan a tashi kunnen doki. Ranar da ta ƙi sha kuwa, ba ya tausayi, sai an lallasa mu. Ta fashe da kuka, shi ko a jikinsa.

Wannan ne ban so. Ina tsoron kukanta kamar yadda nake tsoron zazzaɓi, don na taɓa ganin ta yi kuka mai tsawo washegari ciwo ya tashi. Na ce masa, "Don Allah ka bari ta riƙa ci. Agwagwar ƙarya ce fa, me za a rage ka da shi?"

Ya ce, "Ita a wurinta ba ta ƙarya ba ce."

Na ce, "In ciwo ya tashi ai ni ke riƙe da ita, kai kana saman tanki."

Bai kuwa daina ba.

Da bazara ta shigo ogansu ya sami aikin haƙa bohol da ɗora tankuna a wata gona a Yangoji, za su yi makonni. Ranar tafiya yana ɗaure jakarsa ya ce mini, "Gasa tana hannunki."

Na ce, "Ni? Ni da ko tatsuniya ban iya ba?"

"Ba wuya. Ki dubi kofi ki faɗi abin da kika gani."

Can inda suke waya ba ta shiga sai an hau tudu. Haka ya tafi ya bar ni da yarinya da agwagwa da zafin da ban taɓa ganin irinsa ba. An ɗauke wuta kwana da kwanaki, fanka ta zama ado. Ko ruwan randa ɗumi gare shi.

Ranar farko da la'asar ta yi, ta zo ta zauna a gabana ta naɗe ƙafa. Na tashi na rufe ƙofa, don kunya nake ji maƙwabta su ji ina wasa da 'yar fari. Da ƙyar na ce, "Agwagwa ta ci."

"Nawa?"

"Ta dai ci."

"Umma, ba haka ake yi ba. Da wace silifa ta buga?"

"Shuɗiyar."

"Ai koriyar ce ta cin ƙwallo!"

Haka ta yi ta gyara mini har na ɗan iya. Kwanakin farko tana sha, ni ma ina faɗin gaskiya. Sai wata rana ta sha kaɗan ƙwarai, rabin kofi da safe shi ke nan. La'asar ta yi, ta zauna, na ga ta riga ta san abin da ke zuwa, leɓenta na ƙasa yana rawa. Na dubi idonta da ya ɗan yi rawaya, na dubi siraran ƙafafunta, na tuna babanta ba ya nan, in ciwo ya tashi ni kaɗai ce. Sai na ji bakina ya ce, "Mun ci! Agwagwa ta zura biyu."

Ta yi tsalle. Na ji sanyi a raina.

Washegari ma haka. Rana ta uku da na ce mun ci, ba ta yi tsalle ba. Ta ce, "Umma, tankin a cike yake?"

Na ce, "Fal."

Ta kalli kofin da ke gefen katifa, ruwa a ciki har baki, ta kalle ni. Na ga wannan kallon, har yau ina ganinsa, amma a lokacin ban karanta shi ba.

Bayan nan sai abu ya yi kamar ya gyaru. In na cika mata kofi ta fita da shi bakin ƙofa, ba a jima ba ta dawo da shi wayam. Na daina yi mata mita. Na ce a raina ashe nasara ce ke sa ta sha, bari babanta ya dawo in gaya masa.

Maƙwabciyata Bayarabiya ce, tela, ta girme ni sosai, Mama nake ce mata. Tana da ɗoɗɗoya da ta shuka a tsohon bokitin fenti, a jikin bango tsakanin ƙofarta da tamu, tana tsinka ta sa a miya. A wannan zafin ko ciyawar bakin kwata ta ƙone. Wata safiya ina shara ta fito tana murna.

"Maman yarinya, kai ne kana ba ganye na ruwa? Na gode o! Duba yadda ta yi kyau."

Na duba. Ganyen ya yi kore shar, ƙasar bokitin a jiƙe take, ga ɗan ramin da zubar ruwa ke yi a gefe ɗaya, gefen ƙofarmu. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na koma ɗaki da gudu na janyo fo daga ƙarƙashin gado. Fitsarin da ta yi da asuba kaɗan ne, launinsa kamar shayin da ba madara. Na durƙusa na kama haɓarta. Leɓenta ya tsattsage, harshenta a bushe.

"Ina kike kai ruwan?"

Ba ta ji tsoro ba. Ta ce, "Ai ko ban sha ba tana ci."

Na cika kofi, na roƙe ta, na yi faɗa, na yi kamar zan doke ta. Ta datse haƙora irin na da. Ina cikin haka har hantsi ya wuce, rana ta take. Wajen azahar tana zaune a tabarma tana wasa da murafen kwalba, sai na ga ta tsaya. Ta kai hannu ta riƙe gwiwar hagu.

Ban san lokacin da na fara salati ba. Mama ce ta ji ihun ta bar kekenta na ɗinki ta fito ba ɗankwali, ta ruga bakin titi ta taro mana keke mai ƙafa uku. Na goya yarinyar, ta yi ƙara don zanin ya matse ƙafar, na sauke ta na rungume. Hanyar Karmo duk rami ce. Kowane rami muka faɗa sai ta sandare a jikina. Ina cewa mai keke ya yi sauri, ina kuma cewa ya yi a hankali. Na kira babanta, waya ba ta shiga. Na sake kira. Mama tana ta cewa, "Ba komai, Allah yana nan," hannunta a kan kafaɗata.

A asibiti suka ba mu gado a ɗakin yara, suka ba ta maganin rage ciwo. Nas ta zo da ledar ƙarin ruwa, ta ɗaure mata hannu tana neman jijiya. Ta buga bayan hannun, ta murza, ta soka, babu. Ta koma ɗaya hannun, babu. Yarinyar ta yi ihu har muryarta ta dushe.

Nas ta ce, "Jijiyoyin duk sun kwanta, jikinta ya bushe. Bari in kira likita, yana wurin wani yaro. Kafin ya zo ki samu ta riƙa kurɓa da baki, kaɗan kaɗan. Ko yaya ne zai taimaka."

Ta tafi ta bar ni da kofi. Ledar ruwan tana rataye a sandarta, bututun yana lilo, bai shiga jikin kowa ba. Shi nake ta kallo. Ga ruwa a sama, ga ruwa a hannuna, ga 'yata tana bushewa a tsakani.

Ɗakin cike yake. A gadon da ke kusa da mu wata tsohuwa ce Bazazzagiya da jikanta, can kuma wani mutum ne da kayan ofis yana yi wa ɗansa fifita da kwali. Na kai mata kofi baki, ta kawar. Na ce, "Don Allah, don Annabi." Ta kawar. Daga masallacin asibiti aka kira la'asar.

Sai ta buɗe ido. A cikin wannan azabar, da muryar da ta kusa ƙarewa, ta ce, "Umma, yau an buga?"

Na ce, "Ana bugawa."

"Ta ci?"

Wallahi kalmar tana bakina. In na ce ta ci, za ta yi shiru, wataƙila ma ta yi barci. In na faɗi ɗayar za ta yi kuka, ga ciwo a jiki, ban san abin da kukan zai ƙara mata ba. Ga mutane kuma, ba ƙofar da zan rufe. Na dubi kofin kamar yadda babanta ya ce.

Na ce, "Ana cin mu."

Ta zuba mini ido.

"Tankin ya bushe ƙaƙas. Laka ce kawai a ƙasa, ita ma ta fara tsagewa. Silifar agwagwa koriya ta maƙale, ta ja ta ja, igiyar ta tsinke. Ƙadangarun Gwarinpa sun zura uku. Kwaɗo ya ga ba ruwa, ya tuɓe ledarsa ya shimfiɗa ya kwanta barci a cikin raga. Agwagwa tana tsakiyar fili da ƙafa ɗaya ba takalmi, bakinta a buɗe, ko kwak ba ta iya cewa."

"Ƙarya kike!" Ta kai mini duka a ƙirji da hannun da aka sossoke. "Ƙarya ne! Ki kira Abba!"

"Wayarsa ba ta shiga. Ni na gani da idona."

Ta fashe da kuka, irin wanda nake gudu tun da aka haife ta. Jikinta duk yana karkarwa, tana kukan agwagwa tana kukan ƙafa, ban san wanne ya fi ba. Tsohuwar nan ta ce, "Haba 'yar nan, yarinya ba lafiya kike gaya mata wannan?" Ban iya juyawa na kalle ta ba. Na riƙe ƙarfen gado da hannu ɗaya, ina cewa a zuci, ya Allah in na kashe ta fa?

Kukan ya daɗe. Da ya fara sauka, tana shessheƙa ta ce, "An tashi?"

Ban shirya wannan ba. Sai na tuna da alƙalin wasa.

"Hawainiya ta ɗauko usur. Amma kin san ta. Yanzu dai ya kai gwiwarta."

Ta kalli kofin tana numfashi sama sama. Sannan ta buɗe baki, ɗan kaɗan. Na kai kofi. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta haɗiye.

"Yanzu fa?"

"Ruwa ya fara ɗigowa ta bututu. Ya jiƙa lakar. Bai isa iyo ba."

Ta sake kurɓa.

"Ya kai idon sawun agwagwa. Kwaɗo ya ji sanyi a bayansa ya farka yana neman ledarsa."

Haka muka yi, kurɓa ɗaya magana ɗaya. Ɗakin duk ana jin muryata. Mutumin nan mai kayan ofis ya daina fifita. Can sai na ji tsohuwar ta ce, "To ita silifar da ta tsinke fa?" Na ce wani kyankyaso ne da ya makara a hanya ya iso da ƙusa ya gyara. Yarinyar ta ce, "Ba ƙusa ba, fil." Na ce fil ne.

Ba ta shanye kofin ba, rabi da ɗan wani abu ta sha. Don haka da usur ya kai bakin hawainiya, agwagwa ɗaya kawai ta rama. An ci mu uku da ɗaya. Na faɗa mata haka, ta juya mini baya, ta ƙi yi mini magana. Likita ya zo ya daɗe yana dubawa, daga ƙarshe a ƙafarta ya sami jijiya. Da na ga ɗigon farko ya sauko a bututun sai na zauna a ƙasa, a kan siminti.

Mun yi kwanaki a asibitin. Babanta ya sami saƙo ya taho da ƙurar Yangoji a jikinsa. Yana shigowa, kafin ya gaishe da kowa, ta kai ƙarata: "Abba, Umma ta sa ƙadangaru sun ci mu uku." Ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina gyara zanin gado. Ya ce mata, "Uku? Lallai tankin nan ya bushe."

Da muka koma gida na roƙi Mama ta mayar da bokitin ɗoɗɗoyarta can bayan ɗakinta. Ta mayar, ganyen ya yi yaushi, tana ta yi mini tsiya wai na kore mata mai ban ruwa. Babanta ya koma ƙarasa aikinsu, gasa ta sake dawowa hannuna, har yau kuma in ba ya nan ni ke yi. Ban iya canza murya irin tasa ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Kullum da safe sai na janyo fo na duba launi. Jiya ta yi wasa da yawa ta manta da kofi, jemagun Wuse suka ci mu biyu da nema. Na faɗa mata. Ta yi kuka, na zauna kusa da ita ina kallon gwiwarta har ta gama. Yau da safe ita ta tashe ni, kofin mai hoton fure a hannunta, wai in cika mata, kyankyasan Mararraba za mu kara da su, kuma an ce sun kama hanya tun jiya.